Neman kalma: me za mu kira firyanik na garin Gorodets?

Ɗalibin Nijni:
Assalamu alaikum iyaye da malamai. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini, na kawo ta gabanku. Ina rubuta wa mutanen gida labarin wani ƙaramin gari a nan Rasha mai suna Gorodets, a gaɓar kogin Bolga, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintoci a mota daga Nijni Nobgorod inda nake karatu. Mutanensa kimanin 30,000 ne, amma ya girmi Nijni ɗin kanta. Duk baƙon da zai bar garin sai ka gan shi rungume da kwalin wani abin ci da suke kira pryanik, wanda a bakinmu yake fitowa firyanik.

Ga yadda ake yinsa. Ana kwaɓa gari da zuma ko sukari, da man shanu, da kayan ƙamshi irin su kirfa da kanumfari, kwaɓi mai tauri. Sai a ɗauko wani katako da aka sassaƙe cikinsa da zane, a danna kwaɓin har ya shiga kowane lungu, a shimfiɗa 'ya'yan itacen da aka dafa da sukari suka yi kauri, a rufe da wani fallen kwaɓin, sannan a kife katakon a buga gefensa a kan tebur. Abin ya faɗo ɗauke da zane a fuskarsa, kifi ko zakara ko doki ko sunan garin. Daga nan sai gashi. Idan ya fito a shafe shi da ruwan sukari, ya bushe ya yi fari-fari a kan tudun zanen. Ba shi da laushin kek, ba ya ƙaras-ƙaras irin na biskit, sai an tauna, kuma yana yin makonni bai lalace ba. Da shayi ake cinsa.

Turawan Ingila burodin citta suke ce masa. Ban bi su ba, domin wanda na ci ban ji citta a cikinsa ba. Me za mu kira shi?

Gwaggon Fagge:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ai alkaki ka kwatanta mana. Ga alkama, ga zaƙi, ga ruwan sukari, ga jimawa bai lalace ba. Rubuta alkakin Rasha kawai, kowace mace za ta gane.

Jikan Masassaƙa:
Gwaggo a yi mini haƙuri in sa baki. Alkaki soya shi ake yi a mai, a tsoma shi cikin ruwan sukari ya sha ya ƙoshi, kuma da hannu ake naɗe shi. Wannan gasawa ake yi. Ni ma katakon ne ya ɗauke mini hankali. Ɗan'uwa, su wa ke sassaƙa shi? Me kuma ya sa wannan garin ya yi suna da shi?

Ɗalibin Nijni:
Yaya, amsar tana cikin tarihin garin, bari in ɗan ja ta.

Mutanen garin suna ƙirga kafuwarsa daga shekarar 1152, suna jingina ta ga Yarima Yuri Dolgoruki, wanda ake jingina wa kafa Mosko. Sansanin tsaron iyaka ne a kan tudun da ke kallon kogi, har yau ragowar ganuwar ƙasa tana nan. Rundunar Mongol ta Batu ta ƙone shi a 1238. A nan Yarima Aliksanda Nebski ya rasu a watan Nuwamba na 1263, yana hanyar dawowa daga fadar sarkin Mongol, kuma gunkinsa yana tsaye a bakin gaɓar yanzu. A 1408 mayaƙan Edigu, wani jagoran yaƙi na daular Mongol, suka sake rusa garin, wannan karon bai miƙe da wuri ba. Ɗaruruwan shekaru a matsayin ƙauye ake lissafa shi, sai a 1922 aka mayar masa da matsayin gari.

Abin da ya raya shi kasuwa ce da itace. Bayan rabuwar da ta auku a cocin Rasha a ƙarni na 17, lokacin da Shugaban coci Nikon ya sauya littattafai da tsarin ibada, waɗanda suka ƙi sauyin suka fantsama cikin dazuzzukan hayin Bolga. Gorodets ta zama ɗaya daga cikin cibiyoyinsu. Mutane ne masu riƙon tsohuwar hanya da ƙwazon fatauci, suna cinikin hatsi, suna ƙera jiragen ruwa na katako. Masassaƙan da ke ƙawata jikin jiragen nan, da jirgin tururi ya zo ya kashe musu kasuwa a ƙarni na 19, sai suka koma kan gidaje. Shi ya sa in ka bi tsofaffin layukan garin za ka ga goshin gida da kewayen taga cike da zaki mai murmushi, da tsuntsu mai kan mace, da 'yar ruwa mai jelar kifi, duk a ƙwaƙule cikin katako mai kauri ba tare da an huda shi ba.

Irin wannan hannun ne yake sassaƙa katakon firyanik. A gidan tarihin firyanik da ke garin na tsaya a gaban wani tsohon katako da ya yi baƙi saboda mai da shekaru. Zanen kifi ne, kowace ɓawo an cire ta da tsinin wuƙa, rubutun da ke kewaye da shi kuma a juye yake, daga dama zuwa hagu, domin ya fito daidai a jikin kwaɓin. Masassaƙin sai ya riƙa tunanin tudu yana haƙa rami. In ya zurfafa wuri ɗaya fiye da kima, kwaɓi ya maƙale, in bai zurfafa ba zane ya ɓace a wuta. Akwai manyan firyanik da nauyinsu ya kai ma'aunin da suke kira fud, kilo 16 da ɗoriya, kuma babbar kasuwar baje koli ta Nijni Nobgorod, wadda aka ƙaura da ita zuwa can a 1817, ita ce ta yaɗa su. Garuruwa uku ne suka fi suna da shi, Tula da Biyazma da Gorodets.

Badamagare:
Sannu da ƙoƙari ƙanena. Mu a Nijar duk wani abin zaƙi na fulawa gato muke ce masa, amma gato ya yi faɗi, bai nuna komai ba. Faransawa suna da ɗan'uwan wannan abin, sunansa a harshensu burodin kayan ƙamshi. Su Rashawan, me kalmar take nufi a wurinsu? Mu fara daga nan kafin mu yanka masa rago.

Ɗalibin Nijni:
Daga kalmar pryany ta fito, wato mai kayan ƙamshi. Amma kafin kayan ƙamshi su iso musu daga gabas, sunansa burodin zuma, ana yinsa da zuma da ruwan 'ya'yan itace da garin wani hatsi ɗan'uwan alkama mai duhun gari da suke kira rozh. Shi kuma irin na Gorodets da Tula, mai zanen katako, suna ƙara masa kalmar pechatny, daga pechat, wadda ita ce kalmarsu ta abin da ma'aikaci ke bugawa a kan takarda a ofis.

Malamin Hausa:
Madalla. Yanzu aikin ya yi sauƙi, domin ka ba mu abu uku: gashi, zuma, da bugun zane.

Da farko mu ajiye burodin citta. Wannan suna ne da Bature ya ba nasa abin, ya ara wa na Rasha. In muka ɗauka mun yi aron aro, kuma mun sa wa abu sinadarin da ba lallai yana cikinsa ba. Alkaki ma, Hajiya, ina ganin mu bar shi. Mai karatu yana jin alkaki zai hango mai da danƙo a yatsa, ya tafi da hoton da ba shi ba. Nakiya ta fi kusa ta wajen kayan ƙamshi da jimawa, amma ita shinkafa ce, ba a kuma gasa ta.

Burodi a kunnen Bahaushe abu ne mai kumburi da laushi, wanda ake yankawa. Abin da muke da shi mai faɗi, na alkama, da ake gasawa a ci da hannu, shi ne gurasa. Kalmar ma baƙuwa ce da ta zauna, daga Larabci muka karɓe ta tun da daɗewa. Saboda haka ina ba da shawarar gurasar zuma ga firyanik gaba ɗaya. Ba mu ƙirƙiri komai ba, tsohon sunansa muka ɗauko muka faɗa da bakinmu. Shi kuma mai zane, gurasar hatimi. Katakon, katakon hatimi.

Gwaggon Fagge:
Malam, gurasa fa da ƙuli da yaji da man gyaɗa muka san ta, ko a haɗa da tsire. Wa ya taɓa jin gurasa mai zaƙi? Kuma yaron nan ya ce wani da sukari ake yi.

Malamin Hausa:
Shi ya sa zumar take biye da ita, Hajiya, ita ce ke gaya wa mai ji cewa wannan ba ta bandashe ba ce. Batun sukari kuwa, alkakin da ake kai wa gara ma da zuma iyayenmu suka san shi, yau sukari ya karɓe, sunan bai canza ba.

Almajirin Zazzau:
Allah ya gafarta Malam, ina da ja a kan hatimi. A wurinmu in aka ce hatimi, abin da ke zuwa zuciya shi ne zanen gidaje da haruffa da ake yi a allo ko a takardar laya. Wani zai ji gurasar hatimi ya ɗauka gurasa ce da aka yi wa rubutu don neman tsari. Me zai hana a ce gurasar tambari? Tambari kowa ya san shi a jikin kaya.

Malamin Hausa:
Ja ne mai ma'ana, kuma na yi tunaninsa. Amma duba yadda muke amfani da kalmomin biyu. Tambari asalinsa gangar sarauta ne, daga baya muka ba alamar hukuma ko ta kamfani sunan. Alamar ce tambari, ko a fenti take, ko a ɗinki, ko a allon talla. Hatimi kuwa abu ne da aka sassaƙa a juye, a danna shi a kan wani abu ya bar siffarsa, irin na alƙali da na sarki a ƙasan wasiƙa. Wannan shi ne ainihin aikin katakon da ɗalibinmu ya gani, har da juyayyen rubutun. Kuma ita ce ma'anar kalmar da masu abin suka zaɓa. In muka ce tambari, mun ambaci kifin da dokin, mun manta da masassaƙin da ya haƙa su, alhali sana'arsa ce ta sa ake zuwa garin. Ruɗanin da kake tsoro jimla ɗaya ta bayani tana kawar da shi a karon farko.

Almajirin Zazzau:
Na karɓa, Malam, da sharaɗin a yi bayanin a farkon ambato.

Gwaggon Fagge:
To ni har yanzu bakina alkaki yake so ya ce, amma na bi jama'a. Ɗana, abin da ban ji ba shi ne lokacin da suke cinsa. Na kasuwa ne kawai, ko yana shiga biki?

Ɗalibin Nijni:
Yana shiga sosai, Gwaggo, musamman a da. Ana kai shi kyauta gidan surukai, ana ba yara ƙananan masu siffar dabbobi, ana kuma miƙa wa dangi a Lahadin da ke gaban babban azuminsu, ranar da kowa ke neman gafarar ɗan'uwansa. A bikin aure akwai wani babba da ake fitowa da shi a ƙarshen walima, a yanyanka a raba wa baƙi. Duk wanda aka miƙa wa yanki ya san taro ya tashi, sai ya yi sallama ya kama hanya. Sunansa a harshensu daga kalmar watsa taro ya fito.

Gwaggon Fagge:
Kai, wannan hikima ce. Ba a ce wa kowa tashi ba, an kuma sallame shi da abu a hannu. Wannan kam ba sai Malam ya wahala ba, sunanta gurasar sallama.

Malamin Hausa:
Hajiya kin rufe mana da mafi daɗinsu, ban da abin ƙarawa a kai. Ɗalibi, ga abin da za ka rubuta. A ambaton farko ka sa sunan masu abin, firyanik, ka bi shi da gurasar zuma, domin wanda ya je Rasha ya iya tambayarsa a kanti. Daga nan ka ci gaba da gurasar zuma. In kana maganar ta Gorodets ko Tula mai zane, gurasar hatimi. Ta ƙarshen biki, gurasar sallama. Jam'i kuma ba sai an tilasta ba, a ce gurasar hatimi guda uku ya wadatar.

Ɗalibin Nijni:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jimlar ta zama haka: "Gorodets ta yi suna da firyanik, wato gurasar zuma, musamman gurasar hatimi, wadda ake danna kwaɓinta a cikin sassaƙaƙƙen katako kafin a gasa."

Jikan Masassaƙa:
Ta zauna daram. Saura tambayata ta sana'a, ɗan'uwa. Da wane itace suke yin katakon? Ina so in gwada.

Ɗalibin Nijni:
Itatuwan ƙasarsu ne masu santsin jiki da ba su da wari, irin lifa da biryoza, da wani itacen marmari ɗan'uwan tuffa mai tauri. Sai itacen ya bushe sarai kafin a sa masa wuƙa, in an gama kuma a shafe shi da mai domin kwaɓi ya riƙa saki.

Jikan Masassaƙa:
To maɗaci ya fita, ɗacinsa zai iya bin kwaɓin. Aduwa zan nema, wadda muke yin allo da ita, tana karɓar wuƙa ba ta tsagewa. Zanen dagi zan fara da shi tunda ko an juya shi bai canzawa. Gwaggo, in na gama katakon zan aiko miki, ke kuma ki gwada kwaɓin.

Gwaggon Fagge:
Aiko shi. Ɗana, kai kuma ka tambayo mini awon zuma da na gari, da ko suna sa ƙwai.