A daina ɗora manhajar kamfani da akawun ɗin mutum

Ga abin da na tsinta daga hirar da muka yi da 'yan uwa masu kula da saba, wato manyan kwamfutocin da manhajojin kamfani ke aiki a kansu. Kusan kowa bakinsa ɗaya: a buɗe akawun na musamman wanda aikinsa kawai ɗora manhaja, kar a yi da na ma'aikaci. Dalili kuwa, ranar da mutumin ya ajiye aiki aka rufe akawun ɗinsa, ko ya canza fasawod, sai ka ga aikin da ke tashi da tsakar dare ya tsaya cak, da safe kowa na ta kame-kame ba a san daga ina matsalar take ba.

Inda aka fi daɗewa shi ne maganar izini. Wasu don gudun wahala sai su ba akawun ɗin na musamman admin gaba ɗaya, wato cikakken iko, wannan ganganci ne wallahi, in aka sace shi an gama da kai. A ba shi iya fayil da rumbun bayanan da zai taɓa, a kuma hana shiga kwamfuta da shi kamar mutum.

Masu Windows sun yaba gMSA, wani nau'in akawun na musamman don manhaja, wanda ya zo da Windows Server 2012, Active Directory, tsarin da ke kula da akawun a Windows, shi ne ke canza masa fasawod da kansa duk kwana 30, ba wanda ya san shi ma. In ba shi ba, a ajiye fasawod ɗin a ma'ajiyar sirri irin su Azure Key Vault, ba cikin kod ba.

Akawun na gwaji daban, na ainihin aiki daban. Sannan a rubuta wa ke da alhakin kowane akawun, nan ne ake yawan sakaci.