Katangar ɗakina tana tsagewa duk rani, me zan yi?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar magina da duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali.

Gidana yana Maradi, ta gangaren Gulbi, inda ƙasar laka ce. Da damina lafiya lau, amma da hunturu ya shiga sai ƙasa ta fara tsattsagewa tana janyewa daga gindin gini. Bana tsagar ta taso daga tushe har ƙasan tagar ɗakin yara, ɗan yatsana yana shiga ciki. Ƙofar ma sai an sa kafaɗa take rufuwa. Sau 2 magini yana liƙe wurin da siminti, watan Afrilu na kamawa ya sake buɗewa.

Baffana ya ce bedin (dogon yaro) da ke jikin katangar ne yake shanye damshin ƙasa, in sare shi. Wallahi ba na so, inuwarsa muke sha. Wani kuma ya ce in riƙa zuba ruwa kewayen tushen, to ga tsadar ruwan famfo, kuma ina tsoron ya ƙara lotsawa.

Idan zuba ruwan ne, nesa da katanga kamar yaya, kuma sau nawa a mako? Ko sai an tona an ƙarfafa tushen? A nan yarana suke kwana, hankalina bai kwanta ba. Allah ya saka da alheri.