Neman shawara: motar haɗi a kan shasin Boswaja tana shanye mini mai

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a taimaka mini da shawara, abin ya fara fin ƙarfina. Ina da motar haɗi, bodin faiba ne buɗaɗɗe irin na yawo a yashi, an ɗora shi a kan shasin Volkswagen Boswaja da aka rage wa tsawo. Asalin motar ta kawuna ce, Allah ya jiƙansa, irin waɗanda aka haɗa a Legas, an cire bodin ƙarfen bayan tsatsa ta cinye shi, kuma da aka zo rabon gado babu wanda ya kalle ta sai ni, har yau wasu a gida gani suke asarar kuɗi nake yi, don haka maganar sayarwa kada ma a kawo ta. Injin 1600 ne. Daga ƙauyenmu sai na yi burji da yashi kafin in hau kwalta in miƙe Kano. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake lissafi, tana shan wajen lita 14 a kilomita 100. In na wuce 80 sai in ji kamar ana riƙe ta ta baya, tamfol ɗin rufin yana kumbura yana kaɗawa. Ina so fanbita ya yi mata dogon hanci, a kuma rufe ƙarƙashinta gaba ɗaya da kwano. Zai rage shan man?

Oga Bakanike, Gumel: Wa alaikumus salam. Malam, ka ba mu tarihin gado amma ba ka faɗi abin da ake bukata ba. Wane kafireto ne a kai? Wace distiributa? Lambar tayoyin gaba da na baya? Kuma da me ka auna kilomita 100 ɗin?

Ɗan Ringim: Kafireto Solex 34 PICT-3. Distiributa Bosch 009, sabuwa. Tayar gaba 215/75R15, ta baya 235/75R15. Da mitar motar na auna. Akwai kariya a sama mai ɗauke da safaya da jarka biyu, sai fitilu huɗu a kanta.

Oga Bakanike, Gumel: To ka ajiye maganar hanci tukuna. Lissafinka ma ba daidai ba ne. Wayar mitar Boswaja daga tayar gaba ta hagu take karatu. Tayar asali, 165R15, tsayinta kusan milimita 645 ne, taka kusan 703. In mita ta nuna 100, ka yi wajen 109, wato lita 14 ɗinka ba ta kai 13 ba. Ka cika tanki har wuya, ka auna tafiya da taswirar waya, ka koma famfon da ka sha ka sake cikawa, tanki uku a jere.

Babban laifin kuwa yana wajen 009. Ba ta da tulun bakyum, wanda ke gaggauta wuta da zuƙar iskar kafireto, gudun injin kawai take bi. A kan kwalta, lokacin da ƙafarka take taɓa totur kaɗan, injin yana son wuta ta zo da wuri, ita kuma ba ta san da wannan ba. Ga shi ba ta jituwa da 34 PICT-3: kana taka totur sai mota ta yi shiru kafin ta amsa, makanikai kuma sai su ƙara girman jet, wato ƙofar mai ta cikin kafireto, don su rufe matsalar, mai ya tafi. Ka nemi distiributa mai bakyum guda, irin 034. A cire tiyon bakyum a toshe shi, a sa tayimin digiri 7.5 kafin fistin ya kai ƙololuwa, silo juyi 850 zuwa 900 a minti. Kafin wannan, a gyara bawul da injin sanyi, wanda ya kwana, milimita 0.15 duka takwas ɗin. Kwantak 0.4, fulogi 0.6 zuwa 0.7. A kwance babban jet a karanta lambar: 127.5 ko 130 ake so, na silo 55. In an huda shi da allura, lambar ba ta da amfani, a sake wani. Famfon mai kada ya wuce psi 3, in ya wuce yana danne allurar kafireto mai ya riƙa malala ciki, sai a ƙara gasket a ƙarƙashinsa. Ka duba cok ɗin lantarki, in wayarsa daga koyil ta tsinke, a rufe yake yini.

Fanbita na Wudil: Oga, na yarda da kai a kan injin, amma iska ba ƙaramin abu ba ce a wannan motar. In gudu ya ninka biyu, turjiyar iska ninki huɗu take yi. Boswaja mai cikakken bodi ma ma'aunin turjiyarta wajen 0.48 ne, buɗaɗɗiya mai gilashi a tsaye ta fi haka muni. Ɗan'uwa, hanci ba shi ne farko ba. Sauke kariya da jarkoki da fitilun nan, kyauta ne. Safaya ta koma bayan kujera. Tamfol yana kumbura ne domin iska tana shiga ta gefe ta rasa mafita: a sa masa ƙarafa uku masu lanƙwasa a ja shi ya ɗame, a ɗinka labulen gefe, bayan rufin ya sauka a hankali, kada ya yanke tsaye. Gilashin gaba a kwantar da shi baya gwargwadon yadda kanka ba zai taɓa ba, kuma gilashin mota mai leda a tsakiya za a yanka, ba na taga ba. Tayoyin da suka leƙo waje a faɗaɗa musu modigad. In kana son gani da idonka, yanka zaren ulu santimita 10, manna da salatif a jere tazarar santimita 15, wani ya bi ka yana ɗauka da waya a gudun 80. Inda zare ya kwanta lafiya, bar wajen. Inda yake juyi ko yana komawa gaba, nan ne aikin.

Oga Bakanike, Gumel: Ƙarƙashin injin dai kada kwano ya kusance shi. Injin nan ba ruwa yake sha ba, fanka ce ke tura iska ta kan silinda ta fita ta ƙasa. Ka toshe mafitar, iska mai zafi ta koma cikin fanka, bawul ɗin hayaƙi ya miƙe ya tsinke, a zafin Afrilu ba sai an je da nisa ba. Ƙarƙashin shasin Boswaja dama shafaffe ne. In dole sai an rufe, daga ƙarfen tayoyin gaba zuwa farkon shasi kawai, alminiyom milimita 1.5, da kusoshi masu kwancewa saboda girisi.

Ɗan Ringim: Na gode, Allah ya saka da alheri. Amma Oga, 009 ɗin da tsada na saye ta, kuma wanda ya sa mini ya ce ita masu irin wannan motar suke sawa a Amurka. Kariya kuma ba ado ba ce, a wajenmu in babu jarka ina zan sami mai? Tayoyin ma saboda yashi ne.

Mai Faci, Dambatta: Buga wa tayoyin iska psi 40 duka, za ka ga bambanci. Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gidajen man da suke taɓa lita. Mutum ya biya kuɗin lita goma a ba shi abin da bai kai ba, sannan a ce mota ce ke sha. Ka fara auna man da kake saya a jarka mai alama.

Oga Bakanike, Gumel: Maganar jarka mai alama gaskiya ce, amma 40 a gaba haɗari ne. Gaban motar nan ba nauyi, injin yana baya. Ka cika ta haka, tsakiyar taya kaɗai zai taɓa kwalta, birki ya riƙa kullewa, kwana ta ƙi karɓa. A kwalta 18 zuwa 20 a gaba, 26 zuwa 28 a baya. Tayar baya kuma ita ce abin da kake ji yana riƙe ka. 235/75 ta fi ta asali tsayi da kusan kashi 14 cikin ɗari. In giyabos ɗinka mai rabon giyar ƙarshe 4.125 ne, a gudun 80 cikin giya ta huɗu injin yana juyawa wajen sau 2,100 kacal a minti. Ba ƙarfi a nan, sai ka nutsa totur, fanka kuma tana juyawa a hankali daidai lokacin da injin ya fi zafi. Ka sauko zuwa 205/70R15, tana da faɗin da zai ɗauke ka a yashi in ka rage iska. 009 kuwa, ta injin da ke aiki da totur a buɗe ce. In ka nace, a sa ta digiri 28 zuwa 30 a juyi 3,000, kada a sa ta a silo, amma man ba zai sauka yadda kake so ba.

Direban Hadeja: Duk wannan wahala ce. Kayan Boswaja na kirki sun yi wuya, ka shiga kasuwa a miƙo maka kwantak a kwali mai kyau, wata ɗaya ya ƙone. Ka sa injin ƙaramar mota mai injekta ka huta.

Fanbita na Wudil: Sai lagireto da tiyo da faranti mai haɗa injin da giyabos, ga nauyi a bayan motar da dama gabanta ba nauyi. Kuɗin ya sayi man shekaru. Ɗan'uwa, gwada wannan: a miƙaƙƙiyar hanya marar mutane, kai 90, sa firi da injin a kunne, ƙirga daƙiƙa har ta sauko 60, zuwa da dawowa saboda iska. Yi da kariya, yi babu ita. Kuma sauka daga 100 zuwa 80 kaɗai yana rage turjiyar iska da kashi 36 cikin ɗari.

Oga Bakanike, Gumel: Kafin ya yi wannan ya ɗaga kowace taya da jak ya juya ta da hannu. Birkin ganga da ke gogawa ko boris da aka ɗaure da yawa zai ɓata masa awon.

Ɗan Ringim: Zan sa a duba bawul da jet ranar Asabar in sha Allah. Tayoyin dai sababbi ne, ba zan iya canza su yanzu ba, kariya ma sai na yi tunani. Fanbita, in a faiba za a yi hancin, shimfiɗa nawa ake yi, kuma nawa zai ci?