Inshorar lafiyar ma'aikata: ta kamfani zan saya musu, ko ta gwamnati?

Mai shagon kayan gini, Dei-Dei:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ma'aikata 12 ne a ƙarƙashina, har da direbobi da masu lodi. Duk wanda ciwo ya kwantar, ko matarsa za ta haihu, daga aljihuna ake biya, kuma abin ya fara fin ƙarfina. Wani kamfanin inshorar lafiya mai zaman kansa, wato HMO, ya kawo mini takardar farashi, wasu kuma sun ce in bi ta hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA. Ƙanena da ke Ingila yana cewa su can ba ruwan maigida da wannan, gwamnati ke yi wa kowa magani kyauta. Wanne ya fi arha, kuma me zan duba kafin in sa hannu?

Akanta, Wuse:
Wa alaikumus salam Alhaji. Dokar NHIA da aka sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta inshorar lafiya, kuma ta ambaci duk wurin aiki mai ma'aikata biyar zuwa sama, don haka ta shafe ka. Tsarin masu albashi da aka gada daga NHIS, tsohuwar hukumar da NHIA ta maye gurbinta, shi ne maigida ya ba da kashi 10 na ainihin albashi, ma'aikaci ya ba da kashi 5. Mai albashin naira 100,000 kenan za ka zuba masa 10,000 a wata, a cire masa 5,000, a shekara 180,000. Wannan ya ɗauki shi da matarsa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu ko ƙarin 'ya'ya sai an biya musu daban, gara ka faɗa musu tun farko. Wannan adadi shi za ka ajiye gefen takardar HMO, iyali da iyali, ba mutum ɗaya da iyali ba. Ka tambayi farashin GIFSHIP na yanzu, wato tsarin ƙungiyoyi da ɗaiɗaikun mutane da iyalai, a ofishin NHIA, da na FHIS, inshorar lafiya ta Babban Birnin Tarayya, domin su a kan kowane kai suke lissafi, ba a kan albashi ba.

Raunin da mai lodi zai ji a bakin aiki kuwa hurumin NSITF ne, asusun gwamnati na biyan diyyar ma'aikata, wanda ake zuba wa kashi 1 na jimillar albashi. Kada ka haɗa su.

Ma'aikaciyar teburin inshora a asibiti:
Alhaji, don Allah kada farashi ya ɗauke maka hankali daga shafin da aka jera abin da ba sa biya. Nan ne rigima take. Ka duba iyakar kuɗin tiyata a shekara, da kwana nawa za su biya na kwanciya, da ko haihuwa ta hanyar tiyata tana ciki. Ƙananan tsare-tsare da yawa suna sa watannin jira kafin haihuwa ko tiyata, wasu kuma sukan cire ciwon da mutum ya shigo da shi, irin hawan jini da ciwon suga. In cikin direbobinka akwai mai shan maganin hawan jini kullum, tsarin da ya cire shi asarar kuɗi ce.

Yadda kuɗin ke tafiya: asibitin da ma'aikaci ya zaɓa ana ba shi wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kowane mai rajista, ya zo ko bai zo ba. A tsarin gwamnati an daɗe ana biyan naira 750 kacal kafin a ƙara. Daga ciki ake ganin likita, a yi gwajin zazzaɓi, a ba da magani, kuma mai kati yana biyan kashi 10 na kuɗin maganin. Idan kuɗin ya yi kaɗan ko ya makara, sai ka ji an ce "babu maganin, je ka saya a waje". Abin da ya fi wannan girma, kamar hoto ko tiyata, sai HMO ta turo lambar amincewa. Mara lafiya yana iya wuni a kan benci yana jiran lambar nan. Kafin ka biya, je teburin inshora na asibitoci biyu da ke jerinsu ka tambaya ko kamfanin yana biya a kan lokaci, ko suna amsa waya da dare. Sannan kowa ya zaɓi asibiti kusa da inda yake kwana. Mai zama a Mararaba ko Suleja ba zai kai yaro Maitama da tsakar dare ba.

Malamin tattalin arziki, Gwagwalada:
Maganar ƙaninka tana buƙatar gyara kaɗan. A NHS, hukumar lafiyar gwamnatin Birtaniya da aka kafa a 1948, ba a biyan kuɗi a ƙofar asibiti, amma daga haraji ake ɗaukar nauyinta, kuma masu ɗaukar ma'aikata suna zuba nasu kason a asusun gwamnati. Duk da haka tsarin nasu ya fi na Amurka arha. A Amurka, inda yawancin ma'aikata ke samun inshora ta wurin aiki, matsakaicin kuɗin iyali ɗaya ya haura dala 25,000 a 2024, kuma ƙasar tana kashe kusan kashi 17 na arzikinta a kan lafiya, Birtaniya kuwa wajen kashi 11. Dalili shi ne asusu ɗaya mai ɗauke da kowa yana da ƙarfin taya farashin magani, kuma masu lafiya suna rufa wa marasa lafiya asiri. Illarsa dogon layin jiran tiyata. Kai mutum 12 gare ka, shi ya sa HMO ke tsauwala maka: tiyata ɗaya ta isa ta cinye kuɗin shekararku. A nan Abuja ne shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 na kasafi a 2001, mu a Najeriya ba mu kai ko rabinsa ba, har yanzu sama da kashi 70 na kuɗin magani daga aljihu yake fita. Kada ka jira gwamnati. In ƙungiyar 'yan kasuwarku za ta shiga a dunƙule, farashin kowane kai zai sauko.

Akanta, Wuse:
Haka ne Malam. Alhaji, ka nemi a raba maka biyan wata uku-uku, kuma a rubuta a yarjejeniya cewa in ma'aikaci ya bar aiki za ka iya maye gurbinsa da sabo ba tare da sabon biya ba.