Na riga na biya kuɗin masauki a Kano, yanzu mutum biyu sun ce sun fasa

Mai tambaya:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah a taimaka mini da shawara, kwana biyu ke nan ba na barcin kirki.

Mu shida ne, tun muna sakandare muke tare. Huɗu daga cikinmu unguwa ɗaya muka tashi a Mabera, nan Sakkwato, sauran biyun a jami'ar Usmanu Danfodiyo muka haɗu da su, amma yanzu ba ka iya bambancewa. Lokacin da mahaifina ya rasu su suka tsaya a kan komai, ɗayansu ma shi ya kwana da ni a asibiti dare uku. Da na yi aure su suka haɗa mini kuɗin dina duk da na ce ba na so. Kowace Lahadi bayan la'asar muna haɗuwa wajen mai shayinmu, in wani bai zo ba sai an kira an ji lafiya. Na kawo wannan ne don ku san ba abokan jiya ba ne, ba kuma mutanen banza ba ne.

Wata shida da suka wuce muka ce tunda hutun Ista yana haɗa Juma'a, Asabar, Lahadi da Litinin, mu je Kano mu huta mu ga gari. Uku daga cikinmu ba su taɓa wuce Gusau ba. Muka yi tsari kowa ya riƙa ajiye dubu 10 duk wata a hannuna. Mutum biyar mun cika dubu 60, ɗaya kuwa dubu 20 kawai ya bayar, kullum sai ya ce gobe. Na tsara komai: Juma'a mu shiga, Asabar mu hau Dala da safe, mu je Gidan Makama da Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata, Lahadi Kantin Kwari da Ado Bayero Mall, Litinin mu juyo. Na sami gida mai ɗaki uku a Nasarawa, dubu 70 kowane dare, na ba da kafin alƙalami dubu 150. Mai gidan ya ce ba a mayarwa.

Shekaranjiya sai mutum biyu suka ce sun fasa saboda hanya, wai in ba su kuɗinsu. Mai motar da za mu shiga kuma ya kafe sai dai mu tashi daren Alhamis don a ci ribar kwana. Saura kwana tara. Yaya zan yi?

Tsohon direba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, bari in hwara da wanga mai mota naku. Ka ce mishi wani tsoho da ya yi shekara ashirin da ɗori yana jigila tsakanin Sakkwato da Kano ya ce ba shi da hankali. Daren Alhamis? Mu da munka san kowane rami na hanyar ga ba mu bin ta da dare yanzu. Ku yi asuba a gida, ku bari gari shi yi haske, ku tashi. Dange, Tureta, Talatar Mafara, Maru, Bunguɗu, Gusau. A Gusau ku sha mai ku cika tanki, kowa shi kama ruwa, don daga nan zuwa Funtua ba tsayawa. Kwatarkwashi, Tsahe, 'Yankara, Sheme, nan ne wurin da ba a wasa. In kun ga motocin da ke tahowa daga gaba sun ɗauke ɗif, ku ma ku tsaya a gari na kusa ku tambayi direbobi. Kada ku zama motar hwarko, kada ku zama ta ƙarshe. Daga Funtua ko ku bi Malumfashi da Gwarzo, ko ku zagaya ta Zariya. Tahiyar ta fi kilomita 500, ku sa ran wuni guda. Magana ta ƙare.

Maman 'yan biyu:
Ni tambayata ɗaya ce, matarka ta sani? Don na ga ka lissafo Dala da Kurmi da Kwari, ban ga inda ka lissafo cefanen kwana huɗu ba. Bara nawa maigidan haka ya kwashi jiki da abokai suka tafi Abuja wai shan iska, ya bar mini dubu 5 da yara huɗu, ga zafin Afrilu, ga ba wuta, ƙanƙara kaɗai ta cinye kuɗin. Ya dawo da hotuna da turare kwalba ɗaya, turaren ma na uwarsa ne. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Mu mata in muka ce za mu je Birnin Kabi biki sai an yi shari'a.

Mai tambaya:
Hajiya, maganar gida daban, wannan ba ita ce matsalar ba. Baba direba na gode, amma shi mai motar yana ganin in muka tashi Juma'a da safe ranar ta tafi a hanya, ga Juma'a za ta same mu a mota.

Tsohon direba:
To shi tahi shi kaɗai. Rana guda da rai guda, wanne ya fi tsada?

Almajirin zaure:
Allah ya gafarta malamai. A kan Juma'a dai ba damuwa, ba ta wajaba a kan matafiyi ba, in kun riske ta a Gusau ko Funtua ku yi, in ba ku riske ta ba ku yi azahar ɗinku ƙasaru. Kuma tunda ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Kano ba, a mazhabarmu ta Malikiyya za ku ci gaba da ƙasaru har ku dawo. Amma ɗan'uwa, akwai abin da ban gane ba a bayaninka. Ka ce "na sami gida, na ba da kafin alƙalami". Kai ka ba da, ko ku kuka ba da? Sauran biyar ɗin sun san za ka fitar da dubu 150 daga kuɗin kafin ka tura?

Mai tambaya:
Malam, ai ni aka ɗora wa tsarin. Tun farko suka ce duk abin da na yi daidai ne. Na sa hotunan gidan a guruf ɗinmu na WhatsApp, mutum uku suka sa alamar babban yatsa. Mai gidan ya ce akwai wasu da ke nema, in ban tura a ranar ba zai ba su. In da na tsaya jiran kowa ya yi magana da har yanzu ba mu da masauki.

Almajirin zaure:
Sun ga hoto. Sun ga kuɗin? Sun ji cewa ba a mayarwa?

Mai tambaya:
Na faɗa musu daga baya.

Ɗan Runjin Sambo:
Ashe nan gizo ke saƙar. Bari in yi maka lissafi, ni aikina ke nan. Hannunka ya karɓi dubu 320. Ka fitar da 150, saura 170. In ka mayar wa mutum biyu 60-60, saura 50. Gidan dare uku 210 ne, mai gida na binka cikon 60. Ka ga ko cikon masauki ba ka da shi, ba a zo maganar fetur ba, ba a ci abinci ba, ba a shiga adaidaita sahu ba. Shawarata, ka raba 150 ɗin gida shida, kowa 25. Waɗanda suka fasa ka ba su 35-35. Wanda ya ba da 20 shi ma ka gaya masa ana binsa 5 ko da bai je ba.

Almajirin zaure:
Ni ban yarda da wannan ba. Kuɗin amana ne a hannunsa. Wanda aka wakilta, in ya wuce abin da aka yi masa izini, shi ke ɗaukar asarar. Wanda bai ji sharaɗin ba sai bayan an tura, da wane dalili za a yanke masa 25?

Ɗan Runjin Sambo:
Da dalilin cewa wata shida yana cewa zai je. Hanyar Tsafe yau ta lalace? Lokacin da suke zuba kuɗin ba su san da 'yan bindiga ba?

Tsohon direba:
Ku bar wagga gardama. Ba a maida ma kowa ko sisi. Mu a tasha in ka biya kuɗɗin kujera mota ta cika kac ce ka hwasa, sai dai ka nemo wanda zai zauna wurinka. Su nemo mutum biyu su saye gurbinsu. Kuma ni da kun tambaye ni tun hwarko, mutum shidda da kaya cikin ƙaramar mota guda a zahin ga, taya za ku kashe kahin Mafara. Yanzu da kunka koma huɗu ma ya fi muku. Allah ne ya rage muku kaya.

Bakano mazaunin Arkilla:
Ni dai kada rigimar kuɗi ta hana ku zuwa garinmu. Amma dubu 70 a dare, ɗan'uwa an yi maka kallon baƙo. Kuma tsarin naka ya yi cunkoso. Dala kam ku hau da sassafe kafin rana ta buɗe, daga sama za ku ga birni gaba ɗaya har Goron Dutse. Kurmi ba kasuwar da za ka shiga ka fito cikin awa ɗaya ba ce, tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, lunguna ne kamar gidan tururuwa, ku sami ɗan gari ya shiga da ku. Marinar Ƙofar Mata an ce tun 1498 ake rini a wurin. Motarku ku ajiye ta a masauki, cikin birni adaidaita ta fi, kuma kada ku tsaya neman kabu-kabu irin na nan, an hana acaɓa a Kano tun 2013. Ku ci gurasa bandashe, ku sayi kilishi a Agadasawa. In kun dawo ku faɗa mini ko akwai irinta a Sakkwato.

Ɗan Ƙofar Atiku:
Ji Bakano da cika baki. Daga ina aka kai muku tuta? Sarkinku Alu ma ai nan ya taho a 1903 lokacin da Turawa suka shiga Kano. Kilishi kuma kada ka sake ka kawo mana wannan magana.

Kai kuma mai tambaya, ni na daina tafiyar abokai. Mun taɓa zuwa Kaduna mu biyar, duk inda aka ci abinci sai a ce in biya a haɗa daga baya. Shekara uku ke nan ba a haɗa ba. Ɗayansu ma yanzu in ya hango ni a kasuwa sai ya shige layin masu tumatir. Ka ba su kuɗinsu ka huta, ka tafi da iyalinka Argungu, wajen kilomita ɗari ne, ku ga gidan tarihi na Kanta, ku zauna bakin Matan Fada ku ci kifi, ku kwana a gida.

Maman 'yan biyu:
Yauwa, ga mai hankali. Amma ka ga bai amsa tambayata ba har yanzu.

Mai tambaya:
Jama'a kamar ba a fahimce ni ba. Ni ban ci kuɗin kowa ba, rasit na nan, alat na nan. Wata shida ina bin mutane ɗaya bayan ɗaya kamar mai karɓar haraji, katin wayata na ƙare wajen kiran masu gidaje a Kano, ba wanda ya ce sannu. Yanzu a ce ni zan ɗauki asarar dubu 150 ni kaɗai? Albashina nawa? Argungu kuma mun sha zuwa, ba ita muka tara kuɗi dominta ba. Kuma ɗaya daga cikin masu fasawar na san ba hanya ba ce ta hana shi, kuɗin yake so, matarsa ta kusa haihuwa. Da ya fito ya faɗi haka da na san yadda zan yi.

Almajirin zaure:
To ai ka san yadda za ka yi ke nan. Ɗaya daga cikin mutanen da ka ce sun tsaya maka ranar rasuwar mahaifinka, sai ya buɗe baki ya ce maka ba shi da kuɗin ragon suna?

Mai tambaya:
Ba shi ne ya kwana da ni a asibiti ba, wancan daban.

Tsohon direba:
Ɗana, kana ta zagaye. Na hwaɗa maka abu ukku: ba tahiyar dare, ba maida kuɗɗi, ba tsayawa tsakanin Gusau da Funtua. Ƙara na huɗu, ranar Litinin ku baro Kano da sassahe, kada wani shi ce bari in leƙa Kwari in sayo ma uwargida atamhwa. Sayayya Lahadi. In azahar ta ishe ku ba ku wuce Tsahe ba kun yi sakaci. Kuma a duba taya da birki da ruwan lagireto tun Laraba, ba ranar tahiya ba. Ni ban taɓa kwana a hanya ba sai sau guda, shi ma laihin yaron mota na ne.

Wata 'yar'uwa daga Gawon Nama:
Ka kira mai gidan ka roƙe shi ya ɗaga muku kwanakin zuwa wani hutun, ko ya rage zuwa dare biyu a kan abin da ka riga ka biya, 140 ke nan har da canjin 10. Sau da yawa suna yarda in an yi magana da wuri. Ka gwada kuwa?

Mai tambaya:
Dare biyu ba zai ishe mu ganin komai ba, ni na tsara abin na sani. Ɗagawa kuma ba zai yiwu ba, na riga na gaya wa kowa a ofis cewa Kano zan yi hutu.

Ɗan Runjin Sambo:
Wanda ya ba da dubu 20 ɗin fa, shi yana cikin masu zuwa?

Mai tambaya:
Shi ne mai motar.

Ɗan Ƙofar Atiku:
Innalillahi. To fetur wa zai zuba?

Bakano mazaunin Arkilla:
In dai tafiyar na nan kuma akwai wuri, ina da saƙo ƙarami da za a kai mini Gwammaja, buhun shinkafa ne rabi.