Waɗanda suka wayi gari bamfaya a Skyrim: magani kuka nema ko mod kuka ɗora?

Sadiq_Fagge

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu tattara labarin nan a wuri ɗaya, tunda kusan duk wanda ya daɗe a wasan bidiyon Skyrim abin ya taɓa faɗa masa. Ga waɗanda ba su kai wurin ba: cutar sunanta Sanguinare Vampiris, kuma tana shiga ne ta jan tsafin nan da masu shan jini ke zuƙe maka lafiya da shi daga nesa. Tana rage maka lafiya da maki 25, ta ba ka kwana 3 na cikin wasa ka nemi magani. In ka yi sake, shi ke nan, ka zama bamfaya, wato mai shan jini.

Ni a kogon Movarth na kwaso ta, kusa da Morthal. Rubutu ya riƙa fitowa a saman allo da magariba cewa wata irin ƙishirwa ta kama ni, da safe kuma cewa fitowar rana ta kashe min jiki, na ɗauka ado ne kawai na wasa. Sai da na shiga Whiterun da rana tsaka na ga gudu kaɗan ƙarfina ya ƙare kuma ya ƙi dawowa, ga dogari yana tambayata ko tsoron rana nake, fatata ta yi fari fat. To ku me kuka yi? Falion mai tsafin warkarwa kuka nema, ko mod kuka ɗora, wato gyaran da 'yan wasa ke ƙara wa wasan?

Baban Hanif

Wa alaikumussalam. Ku yaran yanzu kun samu sauƙi. Ni a Xbox 360 na fara, farkon 2012, kafin ƙarin wasan mai suna Dawnguard ya fito, kuma babu zancen mod a na'urar nan. A lokacin duk kwana ɗaya da ka yi ba ka sha jini ba sai ka ƙara mataki, in ka kai na 4 gari gaba ɗaya ya taso maka. Dogarai, masu tireda, har tsohuwar da ke sayar da kabeji. Na shiga Riften zan sayar da kaya, ban kai kasuwa ba kibiya ta fara sauka.

Abin da ya cece ni shi ne ikon ɓacewa da ake samu a matakin, na minti 3, sau ɗaya a rana. Da shi na lallaɓa cikin dare na samu wani yana barci, na durƙusa na sha, na koma mataki na farko. Daga nan na tambayi mai masauki labarin gari, ya ce akwai wani Falion a Morthal da ya san kan abin. Falion ya ce sai na kawo baƙin dutsen kurwa wanda aka cika. Shi da kansa ya sayar min da dutsen, na je na ɗaure kurwar wani ɗan fashi a ciki, muka haɗu da asuba a da'irar duwatsun da ke cikin fadama. Tsafin bai ɗauki minti ɗaya ba, neman dutsen da cika shi ne aikin.

Ummi K.

Yaya Sadiq, ni ba na bari ta kai ga haka. Kwalbar maganin cuta ba ta rabuwa da jakata. Na san taɓa wurin bautar Talos ko Kynareth na warkarwa kyauta, amma ko a wasa ne raina ba ya so, ra'ayina ke nan. Gashin shaho ma yana yi, ka harbo ɗaya a sararin Solitude ka ci gashin ɗanye. Ko ka haɗa ɓawon ƙaguwa da tokar bamfayan da ka kashe a teburin haɗa magani.

Malam Lawal TK

Bari in ɗan tsawaita, ku yi haƙuri, don abin da ya kai ni ga mod ba wahala ba ce, karatu ne. Na kamu a Haemar's Shame, inda masu shan jinin suka taru suna roƙon wani babban aljanin wasan, Clavicus Vile, ya raba su da cutar. Da na rikiɗa sai na ce bari in zauna a haka in ga yadda take. Na bi littattafan da ke warwatse cikin wasan, sai na tarar abin da aka rubuta daban, abin da nake bugawa daban.

Ku nemi littafin Immortal Blood a cikin wasan ku karanta. Movarth ɗin da Sadiq ya kashe yana ciki, tun yana mutum mai farautar masu shan jini, yana zuwa wurin wani malamin ɗakin bauta yana ɗaukar darasi a kan ƙabilunsu, bai san malamin nasa ma ɗaya ne daga cikinsu ba. A littafin an ce 'yan Volkihar a gabashin Skyrim suke, a ƙarƙashin tafkunan da suka daskare, suna miƙo hannu ta cikin ƙanƙara ba tare da sun fasa ta ba su ja mutum, numfashinsu kuma yana daskarar da jini. Da Dawnguard ya zo a 2012 sai ga Harkon, shugaban 'yan Volkihar ɗin, da iyalinsa a wata fada kan tsibiri, can arewa maso yamma, suna liyafa a kan doguwar kujera. Ba tafki, ba hannu ta ƙanƙara. Sannan sajewa da mutane in an ƙoshi, littafin ya ce baiwar 'yan Cyrodiil ce, amma ga Alva tana zaune a Morthal kowa na gaisawa da ita.

Asalin kuma ya fi duk wannan muni. Wani babban aljani, Molag Bal, ne ya ci zarafin wata mace 'yar ƙabilar Nede, Lamae Beolfag, ya ɗiga mata jininsa a goshi don ya tozarta Arkay mai kula da rayuwa da mutuwa. Makiyayan da suka tsince ta suka ɗauka ta mutu, suka haɗa wuta za su ƙona gawar, ta tashi ta gama da su. Abin da ya fito daga irin wannan tushe bai kamata ya zama ɗan ciwon da ke hana ka gudu da rana ba. Dubi wasannin da suka gabaci Skyrim. A Oblivion na 2006 rana tana cin jikinka har ka mutu in ka daɗe ba ka sha ba. A Morrowind na 2002 akwai ƙabilu 3, Aundae da Berne da Quarra, kuma yawancin mutane ko magana ba sa yi da kai. Skyrim ne ya sassauta komai, Dawnguard ya ƙara sassautawa da ya cire farmakin mataki na 4. Masu haɗa mod gardama suke yi da wannan sassaucin, kowa da irin bamfayan da yake ganin shi ne na gaskiya.

Ɗan Damagaram

Malam Lawal ya faɗi abin da ke raina. Abin da ya fi ba ni haushi a wasan yadda ya zo shi ne yunwa ce ke ƙara maka iko. Wato ka sha jini ka koma rago, ka ƙi sha ka zama gwani. To me zai sa in sha?

Na sauke mod ɗin Better Vampires na Brehanin daga Nexus, shafin da ake sauke mod, na shiga menu ɗinsa na juya tsarin: ƙoshi shi ne ƙarfi, yunwa ita ce rauni. Na kunna ƙunar rana kuma. Daga ranar wasan ya zama wani abu dabam. Ina fita bayan magariba, ina duba agogo kafin in bar kowane kogo. Akwai daren da faɗa ya riƙe ni a hanyar Rorikstead, gabas ta fara ja, doki ya mutu, lafiyata na zuba kaɗan-kaɗan. Na hango wata bukkar manomi na ruga, ƙofa a kulle, na tsaya ina fasa kwaɗo makullai suna karyewa a hannuna ɗaya bayan ɗaya, jan layin lafiya saura ɗan tsinke. Na shiga da kyar. Na wuni a ɗakin mutane a tsugune bayan buhunan dankali. Tunda nake kashe daragon a wasan nan zuciyata ba ta taɓa bugawa haka ba.

Zee Kaduna

Ni Sacrosanct na EnaiSiaion nake amfani da shi, ya fi min saboda tsafin jini da yake ƙarawa da kuma yadda ikonka ke girma in ka daɗe kana bamfaya. Amma ga gargaɗi, don ni na gani da idona. Ƙanena ya ga ana yabon Better Vampires, ya ɗora min shi a kan Sacrosanct yana ganin gata ya yi min. Su biyun tsari ɗaya suke canzawa a cikin wasan, ba sa zama tare. Na sha jini yunwa ba ta sauka, ikon wannan ya shiga na wancan, na je wurin Falion ya yi tsafinsa na tashi idanuna na nan jajir. Shirin LOOT yana jera maka mod ne kawai, ba ya sulhunta biyu da ke rigima kan abu ɗaya. Cire shi ma bai gyara ba, don sebin ɗin, wato inda na ajiye wasana, ya riga ya haɗiye abin da ya haɗiye. Sabon wasa na fara.

Ɗaya za ku zaɓa. Kuma ku ɗora shi kuna mutum, kafin ku kamu, ko ku warke tukuna. Masu amfani da ƙabilar da ba ta asalin wasan ba, ku saka RaceCompatibility, domin wasan yana ɗaukar bamfayan kowace ƙabila a matsayin wata ƙabila daban, in bai samu taku ba sai ya rikice.

Sadiq_Fagge

Hajiya Zee, Allah ya ba da haƙuri. Ƙanen dai yana raye ko?

Zee Kaduna

Yana nan, amma laftof ɗin ta samu sabon fasuwod.

Abba Injiniya

Tawa ta ɗan bambanta. Na kamu a Dimhollow lokacin da na je fito da Serana 'yar Harkon, na koma wurin Isran, shugaban masu farautar bamfaya, ya ce ba zai saurare ni ba sai na warke. Ban je Morthal ba, na bi Aela ta ƙungiyar mayaƙan Companions na karɓi jinin kerkeci, shi ma yana wanke cutar. Abin da ya kai ni Nexus shi ne harin da masu shan jini ke kaiwa cikin gari da dare. Na fito daga gidana na Breezehome a Whiterun na tarar da Adrianne maƙeriya a kwance bakin ƙofar gari, ta ɗauki guduma ta shiga faɗan da ba nata ba. When Vampires Attack na Arthmoor na saka, wanda daga baya aka haɗe cikin Run For Your Lives. Ba ya ƙara maka komai, mutanen gari kawai yake koya wa shiga gida su rufe ƙofa.

Ummi K.

Malam Lawal, ni duk lokacin da nake wannan ɓangaren mayu nake tunawa, irin labarin da kakarmu ke ba mu.

Malam Lawal TK

Ƙanwata, akwai kama ta wajen zama cikin jama'a ba a gane ka ba. Amma maye a labaranmu kurwa yake kamawa, ba ruwansa da jini ko akwatin gawa ko rana. In kin lura, mai kama kurwa a wasan nan shi ne wanda ya je neman magani. Baban Hanif ya ɗaure kurwar mutum a dutse ya miƙa wa Falion, kuma wanda ya shiga Soul Cairn ya ga inda irin waɗannan kurwoyin suke ƙarewa. Ni da nake shan kaɗan a wuyan mai barci ya tashi lafiya da safe, da shi, wa ya fi ɓarna?

Baban Hanif

Malam, ɗan fashi ne fa, shi ya fara zaro min takobi. Kai kuma da kake bin gidajen mutane cikin dare kada ka zo nan kana mana wa'azi.

Nura_04

Don Allah yayyena, ni a PS4 nake, yau na ga rubutun ƙishirwar nan karo na biyu. Wanne zan ɗora cikin biyun da kuka ambata?

Zee Kaduna

Babu ko ɗaya, ƙanena. A PS4 mod ba ya shigo da sabon abu daga waje, sai dai ya juya abin da ke cikin wasan, su kuma waɗannan da nasu rubutun umarnin suke zuwa. A kwamfuta da Xbox ake samun su. In kana son zama bamfaya a haka, jira ɗan wasanka ya kai level 10 ka bi Dawnguard, ka karɓa daga hannun Harkon, ko ba komai za ka samu rikiɗar Vampire Lord. In ba ka so, karo na biyu yana nufin saura maka tsakanin kwana ɗaya da biyu. Kada ka kwanta barci, kada ka yi doguwar tafiya a keken doki. Shagon Arcadia yana tsakiyar kasuwar Whiterun, in ba ta da kwalbar, ɗakin Kynareth yana hawa ɗaya a sama.