Baiwa ce ko baiwa aka mai da ita? Rigimar da ta tashi kan albam ɗin Monica na farko

Maman Hanif: Jama'a raina a ɓace yake, bari in amayar ko na samu sauƙi. Jiya da daddare ina sauraron Miss Thang, albam na farko na Monica, mawaƙiyar Amurka, ƙanena ya shigo ya tsaya ko minti ɗaya bai cika ba, ya ce wai "Yaya, wannan ai waƙar tsofaffi ce," ya sa hannu ya canza. Tsofaffi fa! Yarinyar da ta rera waƙoƙin nan shekararta 14 lokacin da albam ɗin ya fito a watan Yulin 1995, kuma tun ba ta kai haka ba aka fara naɗarsu. Ku je ku saurari "Before You Walk Out of My Life", ku ji yadda take sauke murya can cikin ƙirji, ta riƙe ta ba rawa ba gargada, sannan ta ɗaga ba tare da ihu ba. Ko mai shekara 30 ba kowacce ke iya wannan ba. Maganata ɗaya ce: duk matasan da suka fito da albam na farko a salon waƙar R&B a shekarun 1990, babu wanda nasa ya kama ƙafar na Monica. Yarinyar nan baiwa ce, wanda bai yarda ba ya zo mu yi.

Sadiƙu: Anti, na yarda da kalmarki ta ƙarshe, amma da ɗaya ma'anar. Baiwa kam. Baiwar kamfani. Yarinyar da aka ɗauko tun ba ta kai shekara 13 ba aka sa ta a situdiyo, wa ya tambaye ta abin da take so?

Maman Hanif: Sadiƙu kar ka juya mini magana. Ka san sarai baiwar da nake nufi, wadda Allah ke ba mutum a maƙoshi.

Sadiƙu: Na sani Anti. Amma ki duba bayan faifan. Dallas Austin ne ya gan ta a Atlanta, shi ya ɗauke ta a kamfaninsa Rowdy, manya suka rubuta waƙoƙin, manya suka haɗa kiɗan. Ko kiɗan "Don't Take It Personal" daga waƙar LL Cool J aka yanko wani sashe. Ita ta shiga ɗaki ta tsaya gaban makirufo ta rera abin da aka miƙa mata.

Ummi: To sai me? Whitney Houston ita ke rubuta yawancin waƙoƙinta? Rerawa ba aiki ba ce?

Malam Isiyaku: Tsaya tukuna yaro. Ka janye wannan kalma. Baƙar fata ce 'yar jihar Jojiya, ƙasar da kakanninsu suka yi noman auduga da bulala a gadon baya har zuwa 1865 da aka haramta bauta a Amurka. Ka kalli jikar waɗannan mutane ka ce mata baiwa don ta sa hannu a takardar kamfani? Bauta ba abin wasa da baki ba ce. Baiwar Allah ce, ba baiwar kowa ba.

Sadiƙu: Malam, da girmanka, ba ni na fara ba. Mawaƙi Prince baƙar fata ne shi ma, kuma da hannunsa ya rubuta kalmar bawa a kumatunsa a tsakiyar shekarun 1990 lokacin rigimarsa da kamfanin waƙa na Warner Bros. Shi ya fi ni sanin tarihin kakanninsa.

Malam Isiyaku: Shi ya faɗa wa kansa. Kai kuma ka faɗa wa 'yar mutane. Da bambanci.

Zainabu: Ni fa duk kun bar ainihin ɓarnar da ke cikin maganar Maman Hanif. Wai babu wanda ya kama ƙafar Monica? Ina kika ajiye Brandy? Albam ɗinta na farko ya fito a Satumban 1994, shekararta 15, "I Wanna Be Down" da "Baby". Ita ta share hanya kafin Monica ta taka.

Ummi: An zo wurin. Mun san za ki shigo da Brandy ko maganar ruwan sama ake yi.

Zainabu: Ke kuma Ummi a 1995 ko haihuwarki an yi? Ki bari waɗanda suka ji abin da kunnensu a lokacin su yi magana.

Ummi: Anti Zainabu, sai an haifi mutum a zamanin waƙa yake da kunnen jinta? Kenan babu mai hurumin yabon Stevie Wonder a cikinmu, tunda a 1963 ya hau saman jadawali yana ɗan shekara 13. Shekaru ba hujja ba ce.

Zainabu: Ban ce hujja ba ce, na ce ladabi ne.

Yaya Bala: Ku bar batun haihuwa. Ni maganar Sadiƙu ce ta tsaya mini a rai, don kalmar ta yi kaushi amma akwai ƙamshin gaskiya. A wannan shekarar ta 1995 ɗin dai ƙungiyar mawaƙa mata ta TLC suka je kotu suka ce sun tsiyace, alhali albam ɗinsu yana sayuwa miliyoyi. Su manya ne, uku ne, sun san ciwon kansu, amma takarda ta cinye su. To ina ga yarinya 'yar 14? Kuma wanda ya fi ci mini rai shi ne Aaliyah. Albam ɗinta na farko ya fito a 1994 tana 15. Wanda ya rubuta mata waƙoƙin ya haɗa kiɗan, R. Kelly, shekararsa 27, ya aure ta a ɓoye a watan Agustan shekarar da takardar da aka rubuta wai shekararta 18. Aka raba auren a 1995. Mutane suna rawa da waƙoƙin, babu wanda ya tsaya ya tambaya me ke faruwa da yarinyar a bayan ƙofar situdiyo. Sai a 2021 kotun tarayya a New York ta same shi da laifi, a 2022 aka yanke masa ɗaurin shekara 30. Har yau in na ga hoton bangon albam ɗin, ita a gaba shi a jingine can baya yana kallonta, sai tsigar jikina ta tashi.

Maman Hanif: Yaya Bala, Allah ya isar wa Aaliyah, ni ma abin na taɓa ni. Amma ni Monica na kawo. Kar a shafa mata abin da ba nata ba, kuma kar a shafa wa waɗanda suka yi aiki da ita laifin wani.

Yaya Bala: Ban shafa ba ƙanwata. Cewa na yi in ana yabon muryar yarinya, a riƙa tambayar wa ke riƙe da ita.

Habu: Ai akwai doka a Amurka. Dokar Coogan, tun 1939. Dole a ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin yaro a ajiye masa sai ya girma. Saboda haka maganar bauta ba ta taso ba.

Sadiƙu: Dokar Kalifoniya ce wannan Habu. Monica a Jojiya take. Kuma kashi 15 ne ya burge ka? Sauran 85 fa?

Habu: Kai kana da takardar yarjejeniyarta ne a hannu da kake ta kumfar baki?

Sadiƙu: Kai kana da ita?

Malam Isiyaku: Har yanzu dai bai janye kalmar ba, ina lura.

Ummi: Don Allah a koma kan waƙa. Waƙoƙinta biyu na farko duk sun hau lamba ɗaya a jadawalin R&B na mujallar Billboard, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ba son rai ba ne, lissafi ne.

Zainabu: Lissafi? To a 1998 da suka yi "The Boy Is Mine" tare, mako 13 a lamba ɗaya, har suka ci lambar yabo ta Grammy, sunan wa ke gaba? Brandy da Monica ake cewa, ba Monica da Brandy ba.

Ummi: Amma sunan albam ɗin wa ya zama? Na Monica na biyu.

Zainabu: Ai shi ya sa har yau ban yafe ba.

Habu: Ba wanda ya ambaci Usher? Shi ma a 1994 albam ɗinsa na farko ya fito, shi ma yana 15.

Ummi: Habu, mata ke magana.

Kabiru (mai kula da zaure): To jama'a, abin ya yi tsawo, bari in tattara. Abin da na fahimta shi ne kowa ya yarda Monica tana da murya, ba a musun wannan. Amma hujjojin da suka fi nauyi sun nuna Brandy ce ta fara buɗe ƙofa, kuma albam ɗinta ya fi tsari da natsuwa, kamar yadda Anti Zainabu ta yi bayani dalla-dalla. Ni kaina shi na fi ji a lokacin. Batun kalmar baiwa, Malam Isiyaku ya yi gaskiya, Sadiƙu ya zarce gona da iri, ya kamata ya ba da haƙuri. Maganar Yaya Bala a ɗauke ta wata rana. Maman Hanif, ki yi haƙuri da ƙanenki, ki sa masa Brandy ki ga ko zai canza.

Maman Hanif: Kabiru ka ji tsoron Allah. Mutum ɗaya ce tak ta ce Brandy a duk zauren nan, ka zo ka zama na biyu ka ce hujjoji. Yaushe Zainabu ta yi maganar tsari da natsuwa? Kuma a cikinku duka wa ya je ya saurari waƙar da na ce a saurara? Ko mutum ɗaya ya ɗaga hannu.

Sadiƙu: Ni dai ban janye ba.